Shekara 15 Ina Rubuta Fim Babu Sunana a Jiki

An haife ni a wani ƙauye kusa da Rano, ni ce ta huɗu a ɗakinmu. Karatun boko na tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, aka yi mini aure a 1999 ina da shekara 17, aka kawo ni Kano, unguwar Kurna. Sai daga baya na ji cewa a shekarar nan ce aka fara kiran harkar fim ɗin Hausa da sunan Kannywood, a mujallar Tauraruwa. Ni a lokacin ban ma san akwai wani mutum da yake zama ya rubuta abin da 'yan wasa suke faɗa ba. Na ɗauka daga kansu zancen yake fitowa.

Abin da na sani shi ne littafi. Akwai wani yaro a bakin layinmu mai ba da hayar littattafan Hausa, ka karɓa yau ka mayar gobe. Idan Malam ya fita kasuwa, na gama shara da wanke-wanke, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in karanta har la'asar. Ranar da wata maƙwabciyata ta ba ni labarin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, cewa ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, amma ga shi tana rubuta littattafai har tana shirya fim, ranar ban yi barci da wuri ba. Washegari na aiki yaro ya sayo mini littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro guda biyu.

Malam bai hana ni ba, Allah ya saka masa da alheri. Shi ne ya ɗauki littafina na farko ya kai wa mai buga rubutu a kwamfuta, shi ya biya kuɗin ɗab'i, shi ya kai wa masu sayar da littattafai a Bata. Bai yi wata kasuwa ta a zo a gani ba, amma an karanta shi a rediyo, kuma ta nan wani Alhaji mai shirya fim ya ji. Ya bi ta hannun ƙanin mijina, ya aiko cewa yana son in mayar masa da labarin ya zama fim. Wannan a 2006 ne.

Ban san yadda ake rubutun fim ba. Ƙanin mijina ya aro mini wani tsohon sikirif da aka riga aka yi aiki da shi, duk ya sha shayi da maiƙo, na zauna na yi masa karatun ta-natsu. A nan na gane ana raba labari sin-sin, a rubuta ko ciki ne ko waje, dare ne ko rana, sannan maganar kowa a ƙarƙashin sunansa. Na gane kuma abin da zan kwashe shafi uku ina bayyanawa a littafi, a fim dole in nemo abin da ido zai gani ya wadatar. Wata biyu na yi ina rubutawa, yawanci bayan isha'i da fitilar ƙwai, ga goyo a baya. Aka ba ni naira 5,000 kafin alƙalami, aka ce cikon 10,000 sai fim ya shiga kasuwa, don a lokacin sai 'yan kasuwar Ƙofar Wambai sun karɓi kaya sun sayar kuɗi suke dawowa.

Ranar da fim ɗin ya fito, Malam ya sayo faifan da kansa. Muka tayar da janareta, matan gidanmu suka shigo, har da Inna da ta zo ganin jikokinta daga ƙauye. Aka fara jero sunaye. Babban ɗana, yana aji biyu a firamare lokacin, ya tsaya gaban talabijin yana haɗa baƙaƙe. Labari, sunan Alhaji. Tsarawa, sunan wani mutum da ban taɓa gani ba. Malam ya ce wataƙila sai a ƙarshe. Muka kalli na ɗaya da na biyu, awa kusan uku, ina jin maganganun da na rubuta suna fitowa daga bakin mutanen da duk Arewa ta sani. Aka zo ƙarshe, aka rubuta mai fitila, mai kwalliya, mai abinci, direban mota, aka gode wa wanda ya ba da aron gida. Yaron ya juyo ya ce, "Umma, ina naki?" Inna ta ce, "Ke dai ba an biya ki ba? Mace ina ruwanta da suna a talabijin." Na tashi na shiga ɗaki kamar zan duba jariri.

Da ƙanin mijina ya je ya tambaya, amsar da aka ba shi ita ce, ai don mutuncina aka yi, matar aure ce, kada mutane su ce tana harkar fim. Babu wanda ya tambaye ni, babu wanda ya tambayi mijina, shi da ya tara mutane a falonsa don su ga sunan matarsa. Cikon kuɗin kuwa an kawo 4,000 bayan wata bakwai, sauran har yau.

Ya kamata in bari daga nan, amma ban bari ba, don na riga na ɗanɗana. Mutumin nan da aka sa sunansa a wurin tsarawa shi ya neme ni da kansa daga baya. Ya ce aiki ya yi masa yawa, furodusoshi suna layi, idan zan riƙa taimaka masa zai riƙa ba ni wani abu. Haka muka fara. Shi zai karɓo aiki, ya aiko mini da bayanin labarin a takarda ɗaya, wani lokaci ma faifan fim ɗin Indiya ne kawai za a aiko a ce "irin wannan ake so", ni in zauna in fitar da sin sittin ko saba'in. Abin da yake ba ni bai taɓa kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake karɓa ba, wannan kuma daga baya na sani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban riƙe shi a zuciya ba yanzu, kuma ba zan faɗi sunansa ba. Shi ma a gaban masu kuɗin fim ƙaramin ma'aikaci ne, sau da yawa ana cinye masa haƙƙi. Ya samu wadda ta fi shi rauni ne kawai.

Akwai wani sin da na rubuta a shekarun nan wanda har yanzu idan na tuna sai raina ya sosu. A takardar da aka aiko an ce uwargida da amarya su yi faɗa, a yi cacar baki, a kai ga dambe. Ni kuwa a gidan mata uku na tashi, na san kishi mai zafi ba a yinsa da ihu. Sai na rubuta ranar girkin amarya na farko. Uwargida ta shigo kicin da fara'a, ta nuna mata inda gishiri yake, inda ake ajiye manja, ta miƙa mata mukullin sito, tana ce mata ƙanwata. Abu ɗaya ta ɓoye, ba ta gaya mata maigida ba ya cin daddawa ba. Da dare aka kai tuwo, ya kai loma ɗaya ya ajiye, ya wanke hannu bai ce komai ba. Uwargida ta tashi shiru ta ɗauko wani kwano da ta riga ta rufe tun la'asar. Shi ke nan sin ɗin, babu zagi ko ɗaya. Mata sun daɗe suna zancensa a gidajen biki, ina zaune a gefe ina ji. Wata rana na ji ana hira da mutumin nan a rediyo, mai gabatarwa yana tambayarsa yadda aka yi namiji ya san sirrin mata haka. Ya ce baiwa ce daga Allah.

Mutane suna tambayata, me ya sa ban je na nemi aikin da kaina ba? Wanda bai san yadda ake raba aiki a harkar nan ba shi zai yi wannan tambayar. Ban taɓa ganin an kafa sanarwa ana neman marubuci ba a duk shekarun nan. Ofisoshin 'yan fim suna Zoo Road, kuma ainihin maganar ba a ofis ake yin ta ba, a majalisa ake yi, bayan magariba, kan benci, ana shan shayi. Furodusa zai ce yana da labari, wani ya ce ga wane nan ya iya, a tafa, an gama. Wanda yake zaune a wurin shi ke samu, sai kuma yaronsa, sai abokin yaronsa. Matar aure ba za ta zauna a benci a Zoo Road ƙarfe tara na dare ba. Malamin firamare da ke Gumel ko Dutsin-Ma ba shi da kuɗin motar da zai riƙa zuwa kullum don a san fuskarsa. Gurgu ba zai hau benen da ofishin yake ba. Ba wanda ya tsaya a ƙofa ya ce kada su shigo, kuma idan ka tambayi masu majalisar za su rantse maka ba sa nuna bambanci, kuma da gaske suke. An dai gina ƙofar ce a inda su waɗannan ba za su iya kaiwa ba.

A 2007 da aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wasu watanni, aiki da yawa ya koma Kaduna da Jos. Maza suka bi. Ni na zauna ina kitso da sayar da ƙanƙara har abubuwa suka lafa.

Daga baya kasuwar faifai ta fara mutuwa. Masu tura fim a waya suka cika gari, fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa suka janye 'yan kallo, shagunan Ƙofar Wambai suka fara komawa sayar da wasu kaya. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki, mutane suka saba da shiri mai dogon zango, wanda ake kawowa mako-mako. Wannan ya canja lissafi gaba ɗaya. Fim na ɗaya da na biyu mutum ɗaya zai iya rubuta shi. Shirin da zai yi fitowa 13 a zango guda, sannan a shiga wani zangon, ya fi ƙarfin kai ɗaya. Na ce to, yanzu dole a nemi hannu da yawa.

Sai kuwa na ji wani kamfani mai zaman kansa yana haɗa marubuta don wani dogon shiri. Malam ya ce in je. Ya ɗauke ni a babur ɗinsa har ƙofar wurin, ya zauna a waje yana jira. Na ɗauki sikirif uku cikin waɗanda na rubuta, da rubutun hannuna, a cikin leda. Mutum uku ne a ɗakin. Tambayar farko, "Hajiya, maigida ya sani kuwa?" Na ce ga shi can a waje. Ta biyu, 'ya'ya nawa gare ni, wa zai riƙe su. Ta uku, idan aiki ya kai dare fa. Na ajiye ledar a kan tebur na ce, "Ranku ya daɗe, ga aikina, ku duba." Ɗaya ya buɗe, ya ga sunan fim ɗin, ya ce ai wannan wane ne ya rubuta. Na ce ni na rubuta. Suka kalli juna. Ba ni da takardar yarjejeniya, ba ni da shaida, sunana ba ya jikin komai. Shekara kusan goma ina aiki, amma a gabansu ni sabuwa ce, wataƙila ma maƙaryaciya. Aka ce za a neme ni. Ledar ko shafi biyu ba a karanta ba. Bayan mako biyu na ji sunayen waɗanda aka ɗauka, su biyar, duk maza, duk 'yan majalisa ɗaya.

A kan babur muna komawa gida na yi kuka, mayafina ya jiƙe. Malam bai ce mini in yi haƙuri ba. Da muka tsaya a danja ya ce, "Daga yau duk abin da za ki rubuta wa wani, sai ya sa hannu a takarda." Na bi maganarsa, sai aikin ya ƙafe. Mutumin da nake yi wa rubutu ya samu wata yarinya.

A 2016 BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta gajerun labarai, ta mata zalla. Na shiga sau biyu ban ci ba, amma gasar ta yi mini wani amfani. Duk shekara sai ka ji labaran mata daga garuruwan da ko sunansu ba a ambata a Zoo Road, kuma rubutu mai kyau, wanda zai sa ka ajiye abin da kake yi ka saurara. Daga nan duk wanda ya ce mini wai matan da suka iya rubutu ne babu, na san bai nema ba ne. Ga kuma zaurukan WhatsApp, inda mata suke rubuta labari shafi-shafi, masu karatu suna biyan kuɗi kafin a sa su a ciki. Na buɗe nawa. Da shi na biya wa 'yata kuɗin jarrabawa.

Ikon Allah, annobar korona ce ta buɗe mini ƙofa. A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano, majalisa ta watse, kowa yana gida. A daidai lokacin shirye-shirye masu dogon zango suka fara bunƙasa a YouTube, kuma kowane mai shiri yana neman labari. Wani matashin darakta, wanda matarsa take cikin zaurena, ya karanta abin da nake rubutawa a wayarta. Ya kira Malam tukuna, sannan ya kira ni. Ya ce, "Anti, ni ban san ki ba, amma na karanta babi 20 a dare biyu." Na ce ina da sharaɗi, takarda da suna. Ya ce ai wannan ba sharaɗi ba ne, haƙƙi ne. A 2021 sunana ya fito a allo karo na farko. Ɗan nan nawa da ya tambaye ni yana aji biyu, yanzu ya gama jami'a, shi ya tsayar da bidiyon ya ɗauki hoton wurin. Inna ba ta gani ba, ta rasu shekara biyu kafin nan.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban rubuta shi ba. Abin da ya sa na zauna rubutawa shi ne abin da ya faru da aikin ya dawo hannuna.

A 2023 shirin ya yi ƙarfi, darakta ya ce in zama shugabar marubuta, in ɗauki mutum uku. A daidai lokacin marubutan fim da talabijin na Amurka suna yajin aiki, wanda suka fara ranar 2 ga Mayu suka kwashe kwana 148. Ɗana ne yake karanto mini labarin. Cikin abin da suke nema har da mafi ƙarancin adadin marubutan da dole a ɗauka a kowane shiri, da kason da za a riƙa ba su idan ana ci gaba da kallon aikinsu a intanet. Na yi mamaki ƙwarai, ashe har a can marubuci sai ya yi da gaske. Su dai suna da ƙungiyar da idan ta ce a ajiye alƙalami, kowa zai ajiye. A shekarar nan ce kuma aka sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda ta tabbatar wa mai aiki 'yancin a ambaci sunansa a jikin aikinsa.

Ranar da aka ba ni wannan dama, kafin in kwanta na riga na cike gurbin ukun a zuciyata. 'Yar aminiyata ɗaya, sai mata biyu daga zaurena. Na ce wa kaina lokacin mata ne ya zo, su ma maza su ɗanɗana. Da na gaya wa Malam, ya yi shiru, sannan ya ce, "To ke ma kin kafa taki majalisar ke nan. Bambancin kawai taki a waya take." Na ji zafin maganar, na kwana ina juya ta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yarinyar da ke Gaya ko Illela wadda ba ta cikin zaurena, yaya za ta yi ta san ana neman marubuci? Ita ce ni a ranar da na ajiye leda a kan tebur.

Sai muka yi wani tsari, ni da darakta. Muka sa sanarwa a Facebook da zaurukan marubuta, muka biya aka karanta a rediyo sau uku saboda waɗanda ba su da babbar waya. Kowa ya rubuto sin uku a kan abu ɗaya: an yi haihuwa a gida, kuma akwai wata magana da ake ɓoye wa mai jego. Wanda ba shi da kwamfuta ya rubuta da hannu ya ɗauki hoto. Ƙanwar darakta ce take karɓa, ta cire suna da lambar waya, ta sa lamba, ta riƙe jerin sunayen a wurinta. Mu uku muka karanta, kowa shi kaɗai, kowa ya ba da maki kafin mu haɗu. Rubutu 64 ne suka shigo. Mako uku muka yi.

Lamba 23 ce ta tsayar da ni. Wankan jego aka rubuta, da asuba. Tsohuwa ta sa an tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa wa mai jego, tana yi mata faɗan ta cika raki. Kunun kanwa yana gefe an rufe da faifai. Mai jego tana tambayar me ya sa mijinta bai shigo ba tun jiya, tsohuwa kuma duk lokacin da aka yi tambayar sai ta ce a ƙaro itace. Sau uku ana tambaya, sau uku tana cewa a ƙaro itace, har wuta ta fi ƙarfin tukunyar. Na ajiye takardar na ce wa abokan karatuna, wallahi wannan mace ce, kuma ta haihu ba sau ɗaya ba. Na ba ta maki mafi yawa.

Da aka buɗe sunaye, saurayi ne ɗan shekara 26 daga wajen Haɗeja. Shan inna ta kama shi yana ƙarami, kakarsa ta ɗauke shi, ita kuwa ungozoma ce. Tunda ba ya iya bin yara wasa, duk gidan da za ta je wankan jego da shi take tafiya, ta zaunar da shi bakin murhu yana iza wuta. Shi ne mai ƙaro itacen. Da na bi son raina, da ban taɓa sanin yana duniya ba. Na daɗe ina cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma har yanzu ina kan bakana. Kuskurena shi ne na ɗauka da ido zan gane mai ɗakin.

Ranar da ya zo Kano, ofishinmu yana hawa na biyu. Ya iso a kekensa na guragu, ya tsaya a ƙasan bene ya kira waya. Ya ce, "Anti, kada ki damu, zan iya rarrafowa." Na ce a'a, mu za mu sauko. Muka roƙi mai shagon ɗinki da ke ƙasa ya ba mu aron benci biyu, a nan muka yi zaman farko, keken ɗinki yana ƙara a bayanmu. Ban taɓa lura da benen nan ba sai ranar, alhali kullum ina hawansa.

Ta biyu mace ce daga Maraɗi. A lokacin an rufe iyaka bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, don haka wata da watanni ba mu haɗu ba, ta WhatsApp take turo aiki, kuɗinta kuma ta hannun wani ɗan'uwanta ɗan kasuwa a Jibiya muke aikawa. Ita ce ta fara tsayar da mu a kan wani abu da na daɗe ina yi ban sani ba. Mun sa wani mai gadi a labarin, na rubuta a gefe cewa ya yi Hausar Nijar don a yi dariya. Ta turo saƙon murya ta ce, "Anti, ki yi mini haƙuri, amma tun ina yarinya nake kallon fina-finanku, duk mai magana irin tamu ko mai gadi ne ko ɗan ga-ruwa. Babanmu malamin asibiti ne, kuma haka yake magana." Kunya ta kama ni. Muka sake rubutu, likitar da ta karɓi haihuwa a shirin ita ta zama mai Hausar Maraɗi, kuma ba a yi dariya da ita ko sau ɗaya ba. Saƙonnin da suka shigo daga Damagaram da Tawa da Ƙonni bayan fitowar nan sun fi na kowane mako.

Na ukun shi ya fi yi mini wuya. Ɗan birni ne, ɗan majalisa, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da aka ɗauka ranar da aka ƙi buɗe ledata. Da na ga sunan sai da gabana ya faɗi. Na so in ce a tsallake shi a ɗauki na huɗu, tunda shi yana da hanyoyi da yawa. Darakta ya ce, "Anti, idan muka taɓa lamba ɗaya, sauran ma ba su da daraja." Gaskiya ya faɗa. Rubutunsa ya yi kyau, ya san yadda ake rufe fitowa a bar mai kallo da ƙishirwa, abin da mu ukun ba mu ƙware ba. Muka ɗauke shi. Bai san ni ce matar ledar ba sai da na gaya masa bayan wata shida.

'Yar aminiyata ta zo ta 11. Na je har gida na gaya wa uwarta da bakina, don kada ta ji a waje. Ta ce, "Yanzu ke da kika san wahalar da muka sha, Allah ya ɗaga ki, sai ki ɗauko bare ki bar 'yarki?" Na yi mata bayani iya iyawata, ba ta karɓa ba. Mun yi shekara 20 muna tare, ita ta yi mini zaman jego a haihuwata ta uku. Yanzu gaisuwa ce kawai a wurin biki ko rasuwa. Wannan ciwon yana nan, ban warke ba, kuma ban ga laifinta ba, don haka muka taso muka ga ana yi, naka sai naka.

Kowane cikin ukun ya sa hannu a takarda mai shafi ɗaya: kuɗin kowace fitowa, rabi kafin a fara, rabi ranar da aka miƙa, kuma sunan wanda ya rubuta fitowar shi zai fito a farkonta, ba nawa ba. Kuɗin ba shi da yawa, abin da YouTube yake kawowa yana hawa yana sauka, wani watan sai darakta ya ci bashi kafin ya sallame mu. Amma ɗaya ne ga kowa, kuma kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake karɓa.

Akwai waɗanda har yanzu sanarwarmu ba ta kai gare su ba, kuma abin yana damuna. Muna sa Fulani a labari, ba mu taɓa zama da marubucin da ya tashi a ruga ba. Akwai Hausawa Kiristoci a Wusasa da ƙasar Malumfashi, masu Hausa tsantsa, ban taɓa ganin gidansu a shirinmu ba, balle ɗayansu a cikinmu. Cikin rubutu 64 ɗin nan babu ko ɗaya daga makaho, don mun ce a rubuto ne, ba mu ce a turo da murya ba. Wannan karon mun gyara, za a karɓi saƙon murya, ƙanwar darakta ta mayar da shi rubutu kafin ta sa lamba.

Bayan Sallah za mu ɗauki mutum biyu don zango na gaba. Na tura wa 'yar aminiyata sanarwar da hannuna, ta amsa da "To Anti, na gode." Mun kuma yi magana da mai gidan da muke haya, ya yarda idan mai ɗinki ya tashi ƙarshen shekara mu karɓi shagon ƙasa. Kafin nan, duk ranar Talata benci biyun nan muke ara.